Rinin Tukwane a Kibiya

Da sunan Allah nake shiga wannan babi, wanda na fi daɗewa ina kewaya shi. Ku 'ya'yana da jikokina kun sha ji a wurin danginku na Rano cewa ni na raba babanku da gidan ubansa, na ja shi ƙauye ya ƙare rayuwarsa a can. To, ban zo in musa ba. Ni na fara cewa mu tashi, kuma da za a mayar da ni ƙuruciya da na sake faɗa, da murya ma fiye da ta farko. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa ba ku rabin labari, rabin ma wanda ya yi wa mai faɗa daɗi. Ku zauna ku ji shi daga bakin wadda ta yi abin.

Ni 'yar Rurum ce, Tsohon Gari, cikin duwatsu. Uwata maginar tukwane ce, ubana manomi. Da aka ce wani saurayi daga Rano ne ke nemana, ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna, saboda ina son sa, kuma saboda ina son Rano. Gari ne mai ganuwa da ƙofofi da kasuwa mai cika, inda mutum zai fita ya ga fuskar da bai sani ba. Ranar da aka kai ni ina leƙen gari ta ƙasan mayafi ina ce wa raina na rabu da ƙauye ke nan har abada. Ku riƙe wannan, don masu cewa ƙauyancina ne ya motsa na koma inda na saba, ƙarya suke yi. Lokacin Nasara ba su daɗe da cin ƙasa ba. An daina rufe ƙofar gari da magariba, mutane sun fara fita suna gina gidaje a gonakinsu, jirgin ƙasa kuma ya fara kawo farin yadin akoko Kano, daga can jakai su gangaro da shi wajenmu.

Gidan da na shiga gidan marina ne. Kakanku, wanda duk muke ce wa Baba, yana da rijiyoyin rini tara a karofin bayan kasuwa, da 'ya'ya maza uku duk a gandunsa, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya, magana ɗaya. Babba shi ne Yaya Tanko, wanda kuka sani da Baba Tanko. Babanku ne auta. Baba mutum ne mai buɗaɗɗen hannu da baki mai kaifi, bai iya ba da abu da daɗin baki ba. Watana biyu a gidan ya rina wani zane da hannunsa, baƙi wuluk har yana ɗaukar ido, ya shigo cikin gida ya jefa mini a cinya.

"Ungo, ki daina yi mini yawo a gida da wannan tsumman."

Na shiga ɗaki na yi kuka. Inna, surukata, ta biyo ni tana dariya, ta ce shekararta talatin da shi bai taɓa rina mata irinsa ba, in share hawaye in je in yi godiya. Haka yake. Kowa a gidan ya san haka yake, ni ma daga ranar na sani.

A cikin 'ya'yan nan uku babanku ne mai harshe. Marini na gaske ba da ido yake sanin ruwan rini ya nuna ba, da ɗanɗano ne. In an zuba baba, wato ganyen rini, da toka a rijiya an bar su kwanaki ana motsawa da muciya, shi ake kira ya tsoma yatsa ya lasa, ya ce a ƙara toka ko a ƙara kwana. A sanina bai taɓa kuskure ba. Amma da yake shi ne ƙarami, shi ne kuma mai shiga rijiya in ruwanta ya mutu, ya kwashe katsi, wato baƙar lakar nan mai wari da ke kwanciya a ƙasa. Yaya Tanko ne mai karɓar baƙi da miƙa musu kayansu. A zamanin ba a kulle matan masu sana'a kamar yanzu, ni ke kai musu fura karofi. Wata rana na iske wani attajirin Kano yana juya rawani a hannu yana ta sa albarka, ya tambaya wa ya haɗa ruwan. Yaya Tanko ya dafa ƙirji ya ce shi ne. Babanku kuwa yana ƙasan rijiya, muryarsa kaɗai ake ji, yana miƙo guga. Wanda ke karɓar gugan a sama ƙanen Baba ne, tsoho mai farin gemu, wanda shi ma auta ne a ɗakinsu. Ya ƙare ƙarfinsa a karofin nan ba shi da rijiya ko ɗaya da za a nuna a ce tasa ce. Na dubi tsohon, na leƙa na dubi mijina, na ajiye ƙwaryar fura na koma gida.

Akwai wani falke mai jakai, Malam Sale, mutumin Kibiya, da ke kwaso zaren masaƙan garinsu da zannuwan matan Fulani ya kawo Rano a rina ya mayar. Shi ya riƙa faɗa, cikin raha, cewa su ba su da marini tun da rijiyar da suke da ita ta rufta a zamanin hari aka noma wurin, kuma mai gari ya ce duk marinin da ya zo zai ba shi fili a bakin rafi. Kowa ya ji sai ya yi dariya, don wa zai bar Rano ya koma Kibiya? Ni ban yi dariya ba. A gidan gandu ba inda mace za ta yi magana da mijinta ba a ji ba, sai na bari har safiyar Juma'a, ranar da ake sakin samari su je gayaunarsu, 'yar gonar da mutum ke nomawa don kansa. Na bi shi da ruwa a buta.

"Malam, mu koma Kibiya."

Ya dogara da fartanya ya dube ni. "Kibiya? Ke da kika ce ko gawarki kada a mayar ƙauye? Kin san garin kuwa? Kasuwa sai mako-mako. In rana ta faɗi ba abin da za ki ji sai kura. In kin ƙona koko da safe, kafin azahar gari duk ya sani."

"Na ji. A Rano kai waye?"

"Ɗan Baba ne."

"Ƙanen Baba ma ɗan wani ne. Ka ga gemunsa?"

Maganar ba ta yi masa daɗi ba, ya ce kada in ƙara sa tsohon a bakina. Ya ci gaba da noma har na zaci zancen ya mutu. Da ya kai ƙarshen kunya ya dawo ya zauna, ya yi mini bayanin abin da ban sani ba. Rijiyar rini ba rami ba ce kawai. Sai an shafe cikinta da laso, in ba haka ba ƙasa ta shanye ruwan a kwana ɗaya. Laso kuwa da katsi ake yin sa: a dunƙula shi, a shanya, a ƙona, a daka, a kwaɓa da gashin awaki da ruwan dafara, saiwar nan mai yauƙi. Katsi kuma ba ya samuwa sai inda aka daɗe ana rini. Saboda haka a wurin marinan Rano ɗa ba ya fita ya kafa nasa karofin sai ubansa ya ɗora masa katsin farko a jaki ya yi masa addu'a. Katsin shi ne izinin, shi ne kuma albarkar. Wanda ubansa ya hana, ba marinin da zai ba shi ko da cikin ludayi, don kada ya shiga tsakanin ɗa da uba.

"To, ka roƙe shi mana," na ce.

Sai da ya yi wata biyu yana juya maganar kafin ya iya. Bayan la'asar ne, a zaure, ni kuma ina bayan bango da faifai ina tsintar tsakuwa a dawar da ba ta da tsakuwa. Ya durƙusa ya faɗi buƙatarsa a hankali, da ladabi, har ni kaina na ji tausayinsa. Baba ya bari ya kai aya.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"Tuwon gidan nan ne ya ishe ka, ko aikin? To, ƙafarka ce, ban ɗaure ta ba. Amma ko ƙwayar katsi ba za ta fita daga karofina ba. In ka ga dama ka je ka yi rinin a tafin hannunka."

Inna ita tsoronta daban. Tun suna 'yan mata masu hari suka ɗauke yayarta a gona, a kan wannan hanyar ta Kibiya, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ta same ni a madafa ta riƙe mini hannu.

"Kulu, Nasaran nan baƙi ne. Jiya suka zo, gobe za su tafi, masu hari su dawo. Ku bar cikin ganuwa ku je ku zauna a bakin rafi? In ke ba ki tsoro, ki tausaya mini."

Har yau ban ga laifinta ba. Na ba ta haƙuri kawai, amma ban ce mata na fasa ba.

Babanku ya ce magana ta ƙare. Ni ma na yi kamar ta ƙare. Da damina ta ja baya na je ganin gida Rurum, na iske uwata ta gasa wasu manyan tukwane irin kwatarniya, waɗanda ke kai wa mutum ƙugu. Ina ba ta labarin rini a tafin hannu ina cika ina batsewa, sai ta ce ai kakarta ta gaya mata cewa kafin a san rijiyar laso a irin waɗannan ake rini, a binne su a ƙasa har wuya. Ta faɗa ne kawai tana goge yumɓu a hannu. Ni kuwa ban iya cin abincin ranar ba, gari na wayewa na kama hanyar Rano.

"Rinin tukunya?" in ji babanku. "Kulu, wannan ai rinin tsofaffin mata ne. Riga ba ta shiga, rawani ba ya shiga. Za a yi mana dariya daga nan har Kano."

"Su yi ta yi. Tukunya in ruwanta ya mutu tana barin katsi ko ba ta bari?"

"Tana bari. Cikin hannu biyu, uku."

"To, cikin hannu nawa ke shafe rijiya ɗaya?"

Ya buɗe baki zai yi dariya, sai na ga leɓensa yana motsi. Lissafi yake yi. Ban ƙara ce masa komai ba, kuma ina so ku san wannan: ban yi yaji ba, ban ɗaure masa fuska ba, ban je wurin boka ba kamar yadda wata gwaggonku ta riƙa yaɗawa. Kwana tara bayan nan ya dawo daga kwasar katsi, ya yi wanka har sau biyu warin bai fita ba, ya zauna a bakin ƙofa ya ce in aika Rurum a ajiye mana tukwane shida. Da ya je sallama, Baba yana motsa rijiya, bai ɗago kai ba. Ya ce masa a sauka lafiya, kamar yadda ake ce wa baƙon da ya zo karɓar zare.

Mun tashi bayan kaka da jakan Malam Sale: kayan ɗakina, muciya guda da babanku ya sassaƙa da kansa, da tukwane shida naɗe cikin ciyawa. Tafiyar ba ta wuce ta hantsi ba, amma na ji kamar an kai ni bayan duniya. Duk abin da ya faɗa mini a gayauna gaskiya ne, har da na kura. Mai gari ya cika alkawari ya ba mu fili, maƙwabta suka taya mu kafa ɗaki biyu da dangar kara. Watan farko na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba. Ina kewar hayaniyar kasuwa, ina kewar Inna, har warin karofi sai da na yi kewa. Ban bari ya gani ba, tun da ni na kawo mu. Shi ma na san yana da nasa da yake ɓoyewa, don sau da yawa in ya gama motsa tukwane sai ya tsaya riƙe da muciya yana kallon yamma, inda Rano take.

Mutanen Kibiya sun karɓe mu hannu biyu, suka kuma raɗa masa suna Marinin Tukwane, yara da manya. Ba da mugunta suke faɗa ba, amma yana jin zafin sunan. Zare kawai muke iya rinawa da ƙananan zannuwa. Manyan kaya har lokacin Malam Sale ke wucewa da su Rano, ta ƙofar gidanmu kuwa, yana ɗaga mana hannu. Sai dai zaren da ya fito daga tukwanen nan, masaƙa suka ce ko an wanke shi sau goma ba ya zuba. Matan Fulani suka fara tsayawa da ƙwaryar nono a ka da zane a hammata. Ni aikina katsi. Duk tukunyar da ta mutu ni ke sa hannu har kafaɗa in kwashe, in dunƙula kamar fura, in shanya, in jera a wani ɗan rumbu da na hana kowa taɓawa. In hadari ya taso na fi gudun kwashe katsi a kan kwashe shanyar hatsi, mata suna mini dariya wai na haukace a kan laka. Hannuwana suka rine har gwiwa, farcena ya yi shekara biyu bai ga fari ba. Da cikin yayarku Asabe na yi aikin nan, da goyonta kuma na ci gaba. Ranar sunanta Inna ta zo da yaji da zanen goyo. Baba bai zo ba.

Duk Juma'a babanku zai taka zuwa Rano ya yi salla ya gaida ubansa. Baba zai amsa, sannan ya ɗaga murya yadda duk marinan da ke zaure za su ji.

"Ya tukwane? Ba wadda ta fashe?"

Sai a kwashe da dariya. Shi ya dawo ya ba ni labari yana murmushi, wai ai ko ba komai tsohon yana tambaya. Ni kuwa kowace dariya ina ajiye ta a raina, ban zubar da ko ɗaya ba.

A rani na biyu ya haƙa ramin, shi kaɗai, tsayin mutum biyu. Muka fito da abin da ke rumbu muka ƙona, muka daka, muka auna. Ya isa ya shafe ƙasa da jiki, saura wajen kamu uku daga baki. Kamu uku! Ma'anarsa sai mun ƙara shekara guda a tukwane, rijiyar tana rufe da zana muna kallonta. Na zauna a ƙasa a bakin ramin. Shi ya ce ba komai, mu shafe abin da ya samu kafin ruwa ya sauka ya rusa ramin, saura Allah ya kai mu baɗi. Wata Laraba da sassafe ya tafi ƙauyen Kahu neman gashin awaki wurin majema.

Da hantsi ina daka, matan maƙwabta uku suna taya ni, sai ga Malam Sale da jakai biyu, mangala cike taf. Tun kafin ya kwance na gane abin da ke ciki. Katsi ne, ƙonanne, dakakke, mai laushi kamar garin tuwo, irin wanda ake tarawa shekaru. Ya ishi rijiya biyu. Na tambaye shi daga ina.

"Daga Baba. Ya ce in faɗi saƙon yadda ya faɗa, kada in rage." Ya yi gyaran murya yana kallon ƙasa. "Ya ce a shafe ramin nan a daina zubar masa da mutunci a ƙauye. Ya ce kuma 'yar maginar tukwane ta tattara tukwanen ta mayar wa uwarta, a zuba ruwan sha."

Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya ta rufe baki da gefen zane. Da ba ta yi ba, wataƙila da labarin nan ya bambanta, amma ba zan ɗora mata ba. Na dubi hannuwana. Rani biyu ina tsoma su a laka, da ciki da goyo, yanzu saura kamu uku a zo a ce da katsin Rano aka yi rijiyar Kibiya, a kuma haɗa da uwata.

"Malam Sale, juya jakanka."

"Haba Kulu! Kin fa san bakin tsohon nan. Da hannunsa ya ɗora mangalar nan, na ga leɓensa yana addu'a. Don Allah ki bari maigidan ya dawo."

"Ka ce masa mun gode. Ka ce masa tukwanen uwata ba su gaji ba."

Ya tsaya yana roƙona, matan ma suka sa baki. Na ajiye taɓarya na kama igiyar jakin gaba na juya shi da kaina, na kora shi ya kama hanya, na biyun ya bi. Na san abin da katsin nan yake nufi, ba zan ce muku ban sani ba. Na san haka Baba ke ba da abu, na tuna a daidai lokacin, na kuma ture tunanin gefe don zuciya ta riga ta hau.

Babanku ya dawo da azahar da buhun gashi a ka. Na tare shi da labarin tun daga ƙofa, ina jiran ya ce na yi daidai. Ya sauke buhun a hankali. Bai zage ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya tambaye ni tun yaushe jakan suka juya, na ce tun hantsi. Na miƙa masa ruwa bai karɓa ba, ya kama hanyar Rano da sauri. Sai washegari ya dawo.

"Me Baba ya ce?"

"Ba komai. Kawo ruwan dafarar mu kwaɓa."

Muka shafe abin da ya samu, muka koma tukwane shekara guda, rani na zagayowa muka cike bakin. Ranar da ruwan farko ya nuna babanku ya tsoma yatsa ya lasa, sannan ya ce a kawo riga. Ta mai gari ce ta fara shiga, gari duk ya fito kallo. Babu katsin kowa a jikin rijiyar nan sai namu. Daga ita aka sami na shafe ta biyu, daga su ta uku, har karofin da kuka tashi kuka gani, wanda ya ciyar da ku, ya yi muku aure, ya kai mu Makka mu biyu. Malam Sale ya daina wucewa da kaya ta ƙofarmu, a nan yake saukewa. Wannan ban yi nadamarsa ba kuma ba zan yi ba.

Juma'a dai bai daina zuwa Rano ba, labari ne ya daina kawowa. In na tambaya ya ce lafiya lau suke. Damina biyu bayan mayar da jakan, Baba ya rasu. Na fara jin ana cewa a Rano babanku ɗa ne da ya mayar wa ubansa albarka a kan jaki, na ɗauka maganar mutane ce kawai, abin da mace ta yi a kan miji ake ɗorawa. Sau ɗaya na ce zan je in gyara zancen, ya ce in bar shi, ya wuce. Na bar shi, don barin ya fi mini sauƙi.

Shekaru da yawa bayan nan, kwana uku da rasuwar babanku, Baba Tanko ya zo gaisuwa, ya tsufa ana riƙe masa hannu. Na sa aka kira mini shi bakin zaure, ni ina daga ciki cikin takaba.

"Yaya, akwai abin da nake so a sani, tun da ƙasa ta rufe shi. Katsin nan ba shi ya mayar ba. Ba ya ma gida. Ni na juya jakan."

Ya yi wata 'yar dariya ta tsofaffi.

"Kulu, wa bai sani ba? Sale ya faɗa tun kafin ya sauke mangala. Baba ya sani sarai."

Sai ya ba ni labarin abin da aka ɓoye mini. Da babanku ya isa Rano a ranar, da la'asar, karofi cike yake, mangalolin suna ajiye a gaban Baba. Baba ya tambaye shi a gaban kowa wa ya mayar masa da kaya. Ya ce shi ne. Baba ya ce ƙarya yake, ya faɗi gaskiya. In matar ce, ya sallame ta ta koma Rurum, a sake ɗora kayan yanzun nan. In kuma ƙauyen ya ishe shi, ya dawo gida a ba shi rijiya biyu cikin taran, su zama nasa na kansa.

"Rijiya biyu, Kulu, a Rano. Ni kaina ban samu ba sai da aka yi rabon gado. Muna ta yi masa ido ya faɗa. Ya durƙusa a nan cikin laka ya ce, 'Ni ne, Baba. Ni na bar mata sallahu.' Sau uku ana tambayarsa. Baba ya tashi ya zazzage katsin a kwata da hannunsa. Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. Duk Juma'ar nan da kike ganin yana zuwa, a ƙofar zaure yake durƙusawa ya yi gaisuwa, ba a amsa, ya tashi ya kamo hanya. Har tsohon ya rasu."

Ban yi kuka a gaban Baba Tanko ba, ban ba shi wannan ba. Na ce masa na gode, Allah ya ba da lada, aka kai shi masauki. To, ga shi na faɗa muku. Duk wanda ya ƙara kiran babanku mai mayar da albarka, ku turo mini shi muddin ina numfashi, ni ce mai jakan. Kibiya kuwa ina nan a kan bakana, gara da muka zo. Abin da ke hana ni sakewa ɗaya ne. Shekara talatin da 'yan kai na zauna da mutumin nan bayan ranar da na juya jakan, kuma in faɗa ya haɗa mu a kan yara ko a kan gishirin miya, sai in ɗaga masa murya in ce shi ba ya iya tsayawa a gaban kowa, in ce ba don ni ba da bai taɓa mallakar rijiya ko ɗaya ba a duniya. Kun ji ni da kunnenku, ba sau ɗaya ba. Kun kuma ji abin da yake cewa, yana gyara hula zai fita karofi.

"Haka ne, Kulu."